Daurawa: Raguna A Birni, Makiyaya A Ƙauye

Wanda ya bi Titin Maiduguri ya ratsa Daurawa, ko ya gangara Titin Zariya ta Gyaɗi-Gyaɗi har Unguwa Uku, da wuya ya ga filin da saniya ɗaya za ta yi kiwon yini guda. Bulo da kwalta da shaguna sun cinye Ƙaramar Hukumar Tarauni. Amma dabbobi ba su tashi ba. Suna nan a turke a lunguna da bayan gidaje, awakin mata da ragunan da ake kiwatawa domin Babbar Sallah, kuma kullum sai sun ci.

Abincinsu daga waje yake zuwa. Da rani harawar wake da ta gyaɗa ce da dusa. Da damina kuwa ɗanyar ciyawa ce a ɗaure dami-dami a bakin titi. Mai saye yana kukan tsada, amma ba ya tambayar halin da ƙasar da aka yanko ta take ciki. Kowane dami da ya shigo birni ya ɗebo wani abu daga jikin wani fili. A da, jakuna na fita da takin birni a mangala su komo da itace da harawa, shi ya sa gonakin kewayen Kano suka daɗe ana noma su ba hutu. Gona tana da mai ita, ana rama mata. Makiyaya kuwa ta kowa ce, kowa ya ɗiba, babu mai zubawa.

Sannan ga gobarar daji. Idan wuta ta ci busasshiyar ciyawa, sinadarai biyu ne ke fara bin hayaƙi: naitirojin da farar wuta. Na farko kowane manomi ya san shi, domin shi ne ƙarfin yuriya, kashi 46 cikin 100 na buhu. Na biyun ne aka manta, alhali binciken da aka yi a Samaru tun shekarun 1970 ya nuna ƙasar Arewa ba ta wadata da shi ba. Tsiro ba ya iya gina furotin sai da su biyun, kusan kashi ɗaya na farar wuta ga kashi goma zuwa sha biyar na naitirojin. Haka ma ƙwayoyin halittar da ke narka ciyawa a tumbin saniya suna bukatarta. Alamar ma a fili take: rashin naitirojin kan fara ɗorawa tsofaffin ganye, rashin farar wuta kuwa sababbin ganyen sama yake kodar da su.

A zamanin dalar gyaɗa, takin sufa, wanda daga baya aka kafa masa masana'anta a Kaduna, yana ɗauke da kimanin kashi 12 na farar wuta, manomi na samunta ko bai nema ba. Yau yuriya ce ta cika kasuwa, musamman bayan buɗe masana'antar Ɗangote a Legas a 2022, kuma babu ko ƙwayar farar wuta a cikinta. Wanda ya watsa ta ita kaɗai a kan gajiyayyen fili, rabin aiki ya biya wa kuɗi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne labarin gamba, wadda muke zana da ita. An ɗauki irinta daga Shika, kusa da Zariya, aka kai Kudancin Amurka, kuma a 1980 aka fitar da ita ga makiyayan Kwalambiya da Barazil a matsayin ingantaccen iri. Can shuka ta ake yi, a ba ta taki, a hutar da ita. Nan kuwa, inda Cibiyar NAPRI take a Shikan har yanzu, ciyawa ba ta cikin abin da ake lissafawa a amfanin gona.

Na san za a ce manomin da ya kasa saya wa masararsa buhu ba zai zuba wa ciyawa ba. Gaskiya ne, kuma ba wanda zai yi wa daji duka taki. Amma ƙaramin fili mai shinge wani abu ne daban. An gwada irinsa a Kachiya a shekarun 1980, inda aka shuka sitailo, dangin wake mai jawo naitirojin daga iska, aka taimaka masa da sufa. Dokar keɓe makiyayu ta Jihar Arewa tun 1965 take, amma shata iyaka ba ya tsirar da ciyawa. Idan ana son makiyaya irin ta Ɗansoshiya a Kiru ta riƙe garke, sai a fara da auna ƙasarta, a hana ƙona ta, a kuma sa taki mai farar wuta cikin kasafinta kamar yadda ake sa rijiya da dam. Kasuwar ciyawar ma ba sai an neme ta ba: tana nan a bakin titin Daurawa kowace safiya, da kuɗi a hannu.