Kwamfutar Wasa ta Yaranmu: Gilashi ko Batir?

Mu iyayen da muke zaune a Batagarawa, a bakin birnin Katsina, muna fama da wata tambaya da iyayenmu ba su taɓa ji ba. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, wadda aka kafa a 2006, tana nan kan hanyar Dutsinma, ga kuma makarantar fasaha ta Hassan Usman Katsina. Yaranmu da suke karatu a can suna bukatar kwamfutar cinya, wannan kuwa ba gardama. Amma da yawansu ba kowace iri suke so ba, sai irin ta wasa, wadda za ta ɗauki aikin makaranta da rana, da dare kuma a buga ƙwallo a kanta, irin wasan nan da aka sani da FIFA kafin a sāke masa suna a 2023.

A gidanmu ma zancen ya zo. Ba mu hana ba, gama kwamfutar wasa tana da ƙarfi, mai koyon zanen gini ko aikin injiniya kuwa yana amfana da ƙarfin nan. Sai dai kuɗinta ba na wasa ba ne. Kuɗi ne da aka tara wata da watanni, wani gida ma sai an sayar da hatsi ko dabba. Saboda haka muka ce ba za mu sa hannu ba sai mun gane abu biyu da ɗanmu yake ta ambata, wato gilashin da batirin.

Ga abin da muka koya game da gilashi. Hoton da muke gani a fuskar kwamfuta ƙananan ɗige-ɗige ne aka jera, kamar ɗinkin hula. In an rubuta 1920 da 1080, ana nufin ɗigo 1,920 a kwance, 1,080 a tsaye, duka duka miliyan 2 da 'yan kai. Na sama da shi 2560 da 1440 ne, wajen miliyan 3.7. Na ƙoli, wanda ake kira 4K, shi ne 3840 da 2160, wajen miliyan 8.3, wato ninki huɗu na na farko. Yaro yana jin haka sai ya ce, "Baba, ai mai yawa ya fi."

To, amma kowane ɗigo sai injin zana hoto da ke cikin kwamfutar ya yi masa aiki, ba sau ɗaya ba, sau 60 ko fiye a kowace daƙiƙa in ana wasa. Ninki huɗu na ɗigo nauyi ne babba a kan injin. Sai ya ƙara shan wuta, ya ƙara zafi, in kuwa ba mai tsada ba ne, wasan ya riƙa tsayawa yana tafiya. Abin da yara suke yi a nan shi ne su rage hoton ya koma 1080 domin wasa ya gudu. Ashe kuɗin 4K ya tafi a banza ke nan. Ban da haka, fuskar yawancin kwamfutocin nan inci 15.6 ce kawai. A irin wannan faɗi, daga inda mutum yakan zauna, 1080 ya isa karatu, ya isa wasa. Wanda yake son wasa ya yi santsi, gara ya nemi gilashin 1080 mai sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa da ya nemi yawan ɗigo.

Zancen batir ya fi shafarmu, domin mun san halin wuta a ƙasarmu. Ba mu manta da watan Oktoba na 2024 ba, sa'ad da manyan layukan wuta suka lalace, yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu. Ko a ranakun da ba haka ba, ba wanda zai iya cewa ga sa'ar da za a kawo, ga sa'ar da za a ɗauke. Masu tallar kwamfutar nan kuwa sun yi tallarsu domin mutanen da wuta ba ta yanke musu.

Ana auna batir da wat-awa, a jikinsa za a ga lamba da haruffan Wh. Masu sauƙin kuɗi sukan zo da wajen 48 zuwa 60. Waɗansu suna da 70, ko 80, ko 90. Da wuya a ga wanda ya wuce 99.9, domin ƙa'idar jiragen sama ta sa iyaka a 100 ga batirin da fasinja zai shiga da shi ba tare da neman izini ba. Wani mai kanti zai ambaci wata lamba mai dubbai, wadda ake rubutawa mAh. Kada ta ruɗe mu, gama ba ta faɗin gaskiyar ƙarfin sai an haɗa ta da bolt na batirin. Wh ɗin za mu tambaya.

Lissafin mai sauƙi ne, ɗan firamare ma zai yi. A raba lambar batir da wat ɗin da kwamfuta take sha. Mu ce batirin 57 ne. In yaro yana rubutu ko karanta takardu, kwamfutar tana shan kamar wat 12, zai sami kusan awa 5. In ya kunna wasa tana shan wat 60, ko awa guda ba zai cika ba. Mai batirin 90 kuwa zai sami awa 7 da rabi na karatu, wasa kuma awa ɗaya da rabi. Nan ne muka gane abin da ba a cika faɗa wa yara ba: babu batirin da aka yi domin doguwar wasa. Da an cire caja ma, kwamfutar da kanta takan rage ƙarfinta. Amfanin babban batir shi ne daren da jarrabawa take gobe, wuta kuwa babu. Bambancin awa 5 da awa 7 da rabi, shi ne bambancin wanda ya gama aikinsa da wanda fuskar ta mutu masa a tsakiya.

Sai mu tuna da caja kuma. Ta kwamfutar wasa takan kai wat 150 zuwa 230. Gidan da yake da ɗan sola na ƙwan fitila da fanka, ya fara duba ko inbatarsa za ta ɗauka.

Da yawa cikinmu ta hannu muke saya, ba sabuwa ba. A nan sai a yi hankali, gama batir yana tsufa, lambar da ke jikinsa kuwa ba ta sākewa. Windows tana da hanyar tona asirin. A sa yaron ya buɗe wurin ba da umarni, ya rubuta powercfg /batteryreport a gaban mai kanti. Takardar da za ta fito tana nuna lamba biyu: abin da batirin yake ɗauka ran da aka ƙera shi, da abin da yake ɗauka yau. In ta biyun ta koma rabin ta farkon, batirin 90 ya zama na 45 ke nan, sai a rage kuɗi ko a bar shi. Gani ya kori ji.

Bayan an saya, zafi ne babban abokin gāba. A watan Afrilu zafin Katsina yakan wuce digiri 40, irin batirin nan kuwa zafi yana rage masa kwana. Kada a ɗora kwamfutar a kan katifa ko matashi, inda hancinta zai toshe. A sa ta bisa tebur, a ɗan ɗaga bayanta. In hunturu ya wuce, a kai wa mai gyara ya share ƙurar da ta cika fankokinta.

Mu dai abin da muka tsaya a kai ke nan: gilashin 1080, da batir mafi girma da aljihunmu ya iya. Kuɗin da ba mu zuba a ɗige-ɗigen da ido ba ya rarrabewa ba, shi ya tafi wajen batir. Shawararmu ga 'yan'uwa iyaye ita ce, kada mu ce abin na yara ne, ba mu gane ba. Mu zauna da su da takarda da alƙalami, mu yi lissafin tare, mu bar su su raba lambobin da hannunsu. Yaron da ya ga amsar da idonsa ba ya bukatar a yi masa faɗa. Zai kuma koyi auna kaya bisa ga halin gidansu, wannan kuwa zai amfane shi bayan kwamfutar ta daɗe da tsufa.