Gaɓa a Tafin Hannu

A yawancin azuzuwan firamare, malami kan rubuta ba, be, bi, bo, bu a allo, yara su amsa da ƙarfi. Da daɗin ji, amma sau da yawa baki ne ya haddace, ido bai gane komai ba.

Shi ya sa na fi yarda da murafen kwalba. A rubuta gaɓa ɗaya a kowane murfi, a zube su a tabarma. Yarinya ta ɗauki "ka", ta jawo "za", ta motsa leɓe a hankali, sai ga kaza. Ta cire "za" ta sa "ra", ta sami kara. Ta musanya "ka" da "ƙa", ta gane lanƙwasar kan harafi ba ado ba ce.

Hausa ta yi mana sauƙi, wasula biyar ne kawai a rubuce. Abin da boko ba ya nunawa, wato tsawon wasali da karin sauti, kunne da jimla ke koyar da shi. Ga malami kuma, murafen na nuna masa daidai inda yaro ya yi tuntuɓe, ya gyara tun kuskuren bai zauna ba.