Ranar da na raka ɗana taron masu son katun ɗin Japan

Ba zan ambaci sunansa ba, ɗan fari ne, kuma zaman Amurka bai cire mini wannan kunyar ba. Yana da sikila. Duk uwar da ke rainon irin wannan yaro ta san yadda bakinta ke sabawa da kalmar "a'a". Ƙwallo a'a, ninƙaya a'a, kwana a gidan aboki a'a. Ni kuma da nake ma'aikaciyar jinya abin ya fi yi mini yawa, domin na sha ganin inda ƙaramin sakaci yake kai yaro.

A gadon asibiti ya fara kallon anime, wato katun ɗin Japan, ana yi masa ƙarin ruwa. Daga nan ya koma karanta manga, littattafansu na zane da ake buɗewa daga dama zuwa hagu kamar littafin Larabci. Ban hana ba, tunda ni ma da ƙuruciyata a Kano ba a tashe ni daga gaban Kyaftin Majid a tashar Larabawa, kuma sai da na girma na san ashe Bajapane ne aka sa masa sunan Larabawa. Amma ranar da ya ce, "Umma, ina so ki kai ni Otakon," ban ko tsaya jin mene ne ba na ce a'a.

Bai yi gardama ba. Ya shiga ɗaki ya ja ƙofa a hankali, kuma wannan ya fi kuka damuna. Da daddare a wurin aiki, bayan na gama zagayen ba da magani, na zauna na karanta abin da na hana shi.

Otakon taro ne na kwana uku da ake yi duk shekara. An haɗa sunan daga kalmar Japananci "otaku", mutumin da son wani abu ya yi masa katutu, da farkon kalmar Turanci ta babban taro. A 1994 aka fara shi a wani otal a garin State College na jihar Pennsylvania, da mutum kusan 350. A wancan zamanin samun waɗannan finafinai wahala ne a Amurka. Masoyansu ne ke fassara su da kansu, su kwafa a kaset ɗin bidiyo, wannan ya aika wa wancan ta gidan waya. Saboda haka taruwa a ɗaki ɗaya a kalli abin da ba a samu a kanti babban al'amari ne a wurinsu. Wanda ya taɓa bin layi a shagon hayar kaset don fim ɗin Indiya zai gane.

Taron ya yi ta sauya otal yana cika shi, har a 1999 ya koma babbar cibiyar taro ta Baltimore, inda ya zauna zuwa 2016. A can ya zama ƙasaitacce: a 2004 mawaƙan Japan na L'Arc-en-Ciel suka yi wasansu na farko a Amurka a ƙarƙashinsa, a 2013 kuma mahalarta suka haura 34,000. Da gurin ya yi masa kaɗan sai ya tattara ya koma Washington a 2017.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne masu shirya shi. Ƙungiya ce mai suna Otakorp wadda ba ta neman riba, kuma 'yan sa-kai ne ke ɗauke da aikin. Kuɗin da kake biya ma na zama mamba ne na shekara. Da korona ta hana taron 2020, sai a farkon 2021 suka fito fili suka ce in ba a taimaka ba ƙila su rufe ke nan. Mutane suka aika gudummawa, aka yi taron a shekarar, a 2022 kuma mahalarta suka wuce 40,000. Ni da na yi 2020 cikin takunkumi biyu da rigar leda, na san abin da ake nufi da a ɗauki kaya don kawai ba a so ya faɗi.

Babansa ya fi ni tsoron wani ɓangaren daban, wato tarbiyya, kuma yana da gaskiya. Ba kowane anime ne na yara ba. Akwai na zubar da jini, akwai na batsa tsagwaronta, kuma iyaye da yawa suna ganin zane ne sai su saki jiki. Muka yi yarjejeniya: kwana ɗaya, da rana, ƙafata ƙafarsa.

Muka je a ƙarshen Yulin 2023, ana zafi mai tsanani a waje, a ciki kuma na'urar sanyaya ɗaki kamar hunturu. Zafin da ke ƙarar da ruwan jiki da sanyin da ke tsuke jijiyoyin jini duka suna iya tayar da ciwon, ga su a wuri ɗaya. Jakata ta cika da gorunan ruwa, rigar sanyi, magungunansa da takardar likita. Duk rabin awa sai na miƙa masa gora, yana harara yana sha.

Mutane da yawa a can suna shigar jaruman da suke so, su ɗinka kayan da hannunsu. Wasu shigar ta sa na kawar da kai, ba zan ɓoye muku ba. Na kuma ga 'yan mata masu hijabi da suka yi dabara suka mai da hijabin gashin jarumar, launinsa da komai. Shirye-shiryen manya kuwa sai an duba katin shaidar shekaru kafin a shiga.

Shi ya zaɓi shigarsa daga wani labari mai suna Cells at Work! na Akane Shimizu, inda aka mai da ƙwayoyin jini mutane: jajaye suna dakon iska a kwali, farare suna farautar ƙwayoyin cuta da wuƙa. (Na kalli kashi biyu da niyyar kama musu kuskure, na ƙare ina ba wata ɗalibar jinya shawarar ta kalla.) Na ɗinka masa jar riga da jar hula. Da safen ranar na ga ya yanko farin ƙyalle mai siffar lauje ya manna a bayan rigar. Na ce ya cire, don ban taɓa son a san lalurarsa a waje ba. Ya ce, "Umma, ai irin tawa ƙwayar ke nan." Na yi shiru.

A layin masu sayar da zanensu wata budurwa ta tsayar da shi ta nuna laujen, ta nuna kanta. Suka tsaya minti kusan ashirin. Na matsa kusa ina zaton hirar asibiti za su yi, sai na ji gardama suke a kan wanda ya fi ƙarfi tsakanin wasu jarumai biyu da ban san su ba. Na koma gefe na yi la'asar a wani lungu kusa da matakala.

Da ƙarfe biyar na ga ya fara jan ƙafa, na ce tafiya. Ya yi barci a jirgin ƙasa da hular a kansa. Washegari ya tashi da ciwon gwiwa, muka shawo kansa a gida da ruwa da magani da tawul mai ɗumi, kuma na kwana ina tambayar kaina ko na yi ganganci. Har yanzu babansa yana cewa na yi. Da aka buɗe neman hutun shekara mai zuwa a wurin aiki, na rubuta kwana biyu, ɗaya na taron, ɗaya na jinyar gwiwa.