Baƙin tabon da na ɓoye wa iyalina wata takwas

Mai karatu, maganar yau tana da nauyi a baki, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na san a cikin maza masu karanta wannan shafi akwai wanda ya ga baƙin tabo a al'aurarsa, ya rasa wanda zai faɗa wa. Ni ma na shiga wannan hali, har ya kusa taɓa aurena.

Ina zaune a Agege da ke Legas lokacin da abin ya fara. Na yi fama da gudawa, na sayi ƙwayoyi a kemis na sha. Washegari sai na ji ƙaiƙayi da raɗaɗi a kan gabana, wurin ya yi ja a zagaye. Bayan kamar mako biyu ya lafa, ya bar tabo baƙi ƙirin. Zuciyata ta ce ciwon sanyi ne, alhali na san ban taɓa neman mata ba. Na sha jiƙe-jiƙe, na shafa man da wani abokina ya ce yana maganin kowane ciwon fata. Bayan wata biyar wurin ya sake tashi, tabon ya ƙara faɗi.

Tsoron kada in shafa wa uwargida ya sa na riƙa ƙaurace mata. Wani dare ta tsare ni, ta ce, "Maigida, in aure za ka ƙara ka faɗa mini, in kuma laifi na yi ka faɗa mini." A daren na buɗe mata cikina, kuma ita ce ta matsa mini na je wajen likitan fata.

Da ya duba, tambayarsa ta farko ita ce, "Malam, wane magani ka sha kafin ya fito?" Da na yi tunani, sai na ga duka karo biyun ƙwaya iri ɗaya na sha. Ya ce jikina ne ba ya karɓar wannan magani. Irin wannan tabo yana fitowa cikin sa'o'i ko kwana ɗaya zuwa biyu bayan shan maganin, ya fi son leɓe da al'aura, kuma duk sanda aka sake sha, a wuri ɗaya yake dawowa. Magunguna masu sinadarin salfa, irin su Septrin da Fansidar, suna cikin waɗanda aka fi sani da haka, sai wasu magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen. Ba a ɗaukarsa ta saduwa. Da na daina maganin bai sake tashi ba, sai dai baƙin ya daɗe kafin ya dushe.

Ɗan uwa, ba kowane tabo ne irin nawa ba. Da farko ka sani, fatar al'aura takan fi ta sauran jiki duhu tun daga balaga, wannan halitta ce. Akwai kuma tawadar Allah da ɗigon baƙi shafaffe wanda ba ya ciwo, ba ya canzawa, ba ya cutarwa. Fatarmu ta baƙar fata tana saurin barin tabo bayan kowane rauni, don haka gogayyar matsattsen wando, yankan reza, ƙazuwa ko makeron matsematsi da gumi ke jawowa duk suna iya barin baƙi bayan sun warke. Wasu mazan, musamman manya, sukan ga ƙananan ɗigo masu duhu a fatar maraina, waɗanda ƙananan jijiyoyin jini ne da suka buɗe. Idan kuma matsematsi da wuya da hammata suka yi baƙi da kauri, a auna suga, domin hakan yakan zo tare da ƙiba da ciwon suga.

Akwai kuma waɗanda ba a wasa da su. Tsiro masu kaushi da ƙwayar cutar HPV ke kawowa ana ɗaukarsu ta saduwa, sai an duba miji da mata tare. Kansar fata a wannan wuri ba ta da yawa, amma tana faruwa. Idan tabo yana girma, ko launinsa ya gauraya, ko gefensa ya karkace, ko yana jini, ko ya zama gyambon da ya ƙi warkewa, ko ka ji kaluluwa a matsematsi, kada ka jira.

Ka kuma guji man bilicin da mayukan haɗe-haɗe masu sinadarin sitiroid. Suna kwantar da ƙaiƙayi na ɗan lokaci, amma suna sa fata ta yi siriri, makero kuma ya ƙara yaɗuwa. In za ka je asibiti, tafi da kwalin duk maganin da ka sha.

Ke kuma uwargida, in kin ga tabo a jikin mijinki kada ki fara da zargi, ki raka shi asibiti. Ni yanzu sunan wancan magani yana rubuce a katina na asibiti, kuma duk kemis ɗin da na shiga sai na faɗa kafin a ba ni komai. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.