Mudun Auna Sama

Injamena, Chadi

Alhaji,

Ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Yaya kasuwa? Mu nan sai godiya, illa zafin bazara da ya sa Kogin Shari ya janye har yara na buga ƙwallo a kan yashinsa.

Ka tuna gardamarmu a rumfarka ta Dawanau, ranar da kake murɗa rediyo kana neman gajeren zango? Na ce maka muryar nan sai ta je sama ta dawo, kuma masana sun auna nisan wurin. Ka kalle ni ka ce, "Malam, wa ya hau ya gani? Gani ya kori ji." Ran nan ka kayar da ni. To, makon jiya na samo amsarka a Kasuwar Gero. Wata mata ce ta ƙi yarda da koron mai awo, don nan koro suke ce wa mudu. Ta zaro nata daga jaka, ta juye geron a ciki, sannan ta biya. Na ce ai kuwa abin da masu na'urar rada ke yi ke nan.

Can sama, daga wajen kilomita 60 zuwa 1,000, akwai iska marar kauri da hasken rana ke cika ta da lantarki, ana kiranta ayonosfiya. Ita ke maido da muryar rediyo ƙasa. Rada kuwa, wadda ke auna nisanta, kamar ka yi kira ne a bakin rijiya ka saurari amsa-kuwwa: daɗewar amsar ita ke gaya maka zurfi. Sai dai kiran rada na gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Idan ya je kilomita 300 ya dawo, kashi 2 cikin 1,000 na daƙiƙa kawai ya ci. Agogon na'urar ya kuskure da kashi 1 cikin miliyan na daƙiƙa, an yi ƙarya da mita 150. Ga shi wayar da ke tsakanin na'ura da eriya ma tana cin nata lokacin, zafi kuma na canza halin kayan lantarki, kuma ka san garin nan a Afrilu yakan haura digiri 40. Na'ura ba ta rantsuwa, dole a gwada ta.

Yaya za a gwada mudun da ke auna abin da hannu ba ya kaiwa? Dabara ta farko, a ba shi abin da aka riga aka san girmansa. A watan Mayun 1965 Amurkawa suka harba wata ƙwallon alminiyom, faɗinta mita ɗaya da 'yan kai, mai suna LCS-1. Ba inji a cikinta, ba batir, fanko ce kawai. Amfaninta ɗaya: kowane gefe ta juyo, amsar da take mayarwa iri ɗaya ce. Duk radar da ta haska ta ta samu wani abu daban, laifin radar ne. Har yau ƙwallon tana can tana kewaya duniya, ta girme wa 'ya'yanmu duka.

Ta biyu, a saurari sama kanta. Akwai wurare a cikin taurari, irin su Cygnus A, da ke fitar da ƙugin rediyo wanda aka san ƙarfinsa da lokacin wucewarsa. Idan eriya ta ji shi kafin lokaci ko bayansa, an gane ta karkace.

Ta uku ita ce ta matar nan, wato a kawo mudu na biyu. Manyan rada na auna yawan lantarkin da ke sama, amma sau da yawa sai an gwama sakamakonsu da na wata ƙaramar rada mai suna ayonosonde. Ita tana ta ɗaga mitar kiranta ne har ta kai inda kiran zai huda ya wuce bai dawo ba, kuma wannan mitar kai tsaye take nuna yawan lantarkin.

Abin da zai ba ka mamaki, an yi irin wannan aiki a nan ƙofar gidanmu, tun garin nan na amsa sunan Fort Lamy, Fallomin kakanninmu mahajjata, kafin a canza shi a 1973. Akwai wani kogin lantarki da ke gudu gabas da rana, wajen kilomita 105 a sama, yana ratsa kudancin Chadi. Daga 1968 zuwa 1970 wani masani, Ousseini Fambitakoye, ya bi sawunsa da jerin ma'aunan maganaɗisu daga Faya zuwa Bangui, ɗaya a Bol, ɗaya a Kundul da ke nan kudu da mu kaɗan. A Sarh kuma akwai ayonosonde. Da suka haɗa bayanan sai suka ga duk lokacin da ma'aunan ƙasa suka ce kogin ya juya yamma, wata amsa da radar ta saba ji daga wannan tsayin sai ta ɓace. Shaidu biyu, ba su haɗa baki ba, suka faɗi magana ɗaya. Ko gaban alƙali ai an gama.

Kada ka ce wannan shagalin 'yan boko ne. Matuƙin jirgin da ke ƙetare Sahara yana magana da ƙasa ta gajeren zango, GPS ɗin direbobin da ke ɗauko maka kaya kuma sai ya ratso wannan iskar kafin ya iso wayarsu.

Saboda haka gaskiyarka, ba wanda ya hau ya gani, ji ne. Amma ji ne da aka sa wa shaidu. Yanzu ni ma ga tambayata: yaushe rabonka da gwada sikelin rumfarka? Bayan salla ina tafe ta Kuseri da Maiduguri in Allah ya yarda, kuma da korona zan zo.

A gaida Hajiya, a shafa mini kan yara.

Naka har kullum,
Malam