Darussan da na koya wajen haɗa wasan kwamfuta

Mu 'yan koyo ne, kowa da aikin da yake ci da shi, sai dare da ƙarshen mako muke haɗuwa. Muka ce za mu haɗa wasan kasada, irin wanda mai bugawa ke yawo yana tsintar kaya, yana hira da mutane, yana kwance ƙulli kafin labari ya matsa gaba. Namu labarin wani yaro ne da aka aika da tsohuwar wasiƙa cikin birnin Kano. Kusan duk wahalar da muka sha daga baya, a zaman farko muka jawo wa kanmu ita.

1. Duk wurin da ka rubuta, bashi ne a wuyan mai zane. Ni ne mai labari, kuma alƙalamina ba ya jin nauyi. "Sai yaron ya shiga Kasuwar Kurmi" layi ɗaya ne a wurina. A wurin mai zanenmu kuwa rumfuna ne da 'yan kasuwa, ga tafiyar yaron gaba da baya da gefe, kowane taku da hotonsa. Ran da ya gama marinar Ƙofar Mata, ya duba jerin wuraren da suka rage, ya ce, "Malam, in haka za mu tafi, jikokinmu ne za su buga." Manya ma ba su tsira ba. A 2012 Tim Schafer ya nemi dala 400,000 a Kickstarter, aka tara masa sama da miliyan 3, amma duk da haka wasansa Broken Age ya fi ƙarfin kuɗin, aka raba shi biyu, rabi a 2014, rabi a 2015. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Muka yanke fiye da rabin unguwannin, ina ji kamar na yi kuka.

2. Abin da wani ya gama ƙerawa, ɗauka ka wuce. Mai rubuta mana manhaja ya so ya rubuta komai daga tushe. Da ƙyar muka shawo kansa ya karɓi Adventure Game Studio, manhajar kyauta da Chris Jones ya fara fitarwa a 1997, wadda ta zo da tafiya da jakar kaya da hira a shirye.

3. Kada ka rufe wa mai bugawa hanya bai sani ba. A King's Quest V na kamfanin Sierra, in ka cinye wani kek da ka saya da wuri, can gaba za ka tarar da dodon ƙanƙara da sai da kek ɗin ake kayar da shi, kuma babu komawa. Ron Gilbert ya yi rubutu a 1989 yana sukar irin wannan, sannan ya fitar da The Secret of Monkey Island a 1990 ba tare da tarkon ba. Na karanta, na jinjina kai, sannan na koma na ba yaronmu damar sayen fura da kuɗin da zai biya mai rini a ƙarshe. Wai gaskiyar rayuwa nake nunawa! Abin da ya cece mu shi ne dabarar da Gilbert ɗin ya yayata: ka zana ƙulle-ƙullen a takarda, ka faro daga ƙarshen labari kana komawa baya, kowane mataki ka ja layi zuwa abin da ya dogara da shi. Nan take muka ga inda hanya ke toshewa, da inda ta tsuke har mutum ba shi da abin yi sai abu ɗaya, in ya kakare a nan ya ajiye wasan.

4. Abin da ya fito fili a kanka, duhu ne a kan wani. Ana yi wa Gabriel Knight 3 dariya tun 1999 saboda ƙullin da ake haɗa gashin baki da gashin kyanwa don a kwaikwayi mutumin da ba shi da gashin baki. Ni ma na yi dariyar. Sai muka ba ƙanwata ta gwada namu. Ta tsaya a ƙofar wani gida tana danna ƙofar, tana danna kwaɗon, ni kuma ina cije leɓe, don na san sai ta nemo kara ta zaro mabuɗi ta taga. Ta juyo ta ce, "Yaya, ga mai gadi nan zaune, me ya hana yaron ya yi masa sallama?" Ba ni da amsa. Mun zana mai gadin ne don ado.

5. Tun farko ka san a kan me za a buga. Mun kwaikwayi Monkey Island 2 da maɓallan aiki 9 a ƙasan allo, muna tunanin linzamin kwamfuta. Amma duk wanda ya ce a tura masa, wayar Android ce a hannunsa. A waya ba ka iya ɗora kibiya kan abu ka ga sunansa kafin ka danna, yatsa kuma ya fi mabuɗin da muka zana girma. Muka rage maɓallan zuwa biyu, duba da taɓa, muka sake zana ƙananan kayan. Haruffan da muka zaɓa su ma ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai da mai zane ya ƙara su ɗigo-ɗigo da hannu. In kai ma da Hausa za ka yi naka, rubuta "ƙwanƙwasa ƙofa" a allon wayar da ta fi kowacce araha a cikinku kafin ka zana ko da bango ɗaya.