Fulawar Baban Ummi

Asabar
Baban Ummi ya dawo da yamma da tukwanen fulawa cike da bayan mota: moda, alobera, da wata mai yaɗo da ko mai sayarwar bai san sunanta ba. Ya jera su a falo, ya ce daga yau magana ta ƙare, hukumar NASA ta Amurka ta tabbatar waɗannan suna tsotse gubar da ke cikin iska. Sannan ya miƙe ƙafa ya kunna sigarinsa. Modar ce ta ba ni dariya. A ƙauyenmu igiya ake tufkawa da zarenta, ga ta nan an dasa a tukunyar siminti an yi mata kuɗi.

Lahadi
Hunturu ya kankama, tagogi a rufe. Ummi ta kwana tana tari.

Litinin
Da yara suka tafi makaranta na nemi labarin binciken. Gaskiya ne an yi shi, a 1989, ƙarƙashin wani masani mai suna Wolverton. Amma damuwarsu ita ce iskar tashar sararin samaniya, inda ba tagar da za a buɗe. Sukan sa shuka a ƙaramin akwati a rufe ruf, su zuba sinadari kamar benzin ko fomaldihaid, su auna abin da ya ragu. Ya ragu kuwa, kuma ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasar tukunyar na da babban hannu a aikin. Sai dai falo ba akwati ba ne, kuma a akwatin babu mai ƙara kunna wani karan bayan kowace salla.

A 2019 Cummings da Waring na Jami'ar Drexel suka tattara irin waɗannan gwaje-gwaje suka yi lissafi. Kafin shuke-shuke su kamo abin da shigar iska da fitarta ke yi a gini, sai an sa tsakanin 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita. Wato sai mu kwashe kujeru mu bar wa fulawa gidan. Wannan ma iskar guba kawai ake nufi, ban da ƙananan ɓurɓushin hayaƙi da ke shigewa can cikin huhu. Hayaƙin taba na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki na jawo kansa. A tare shi da moda daidai yake da kwashe ambaliya da ludayi.

Talata
Na bari sai da ya ci tuwo.
"To Malama, yanzu ke kin fi NASA sani?"
"A'a, Baban Ummi. Su ɗin ne ba su ce a sha taba a falo ba."
Bai tanka ba. Ya tashi ya zuba wa alobera ruwa, alhali ba ta son yawansa.

Laraba
Na sauke labulen falo na jiƙa. Ruwan farko ƙura ce, na biyu kuwa ya fito rawaya-rawaya yana warin taba. Na goge ganyen moda da farin tsumma, shi ma ya rine. Haka nikotin ke mannewa a bango, kushin da kafet, ya daɗe bayan hayaƙin ya watse. A kan kafet ɗin nan Auta ke rarrafe, hannunsa kuma daga ƙasa sai baki. Na ɗage mai yaɗon nan sama, don na gan shi yana miƙa mata hannu.

Juma'a
Hajiya ta zo bayan masallaci. Ta ɗauki Auta, ta sunsuni wuyan rigarsa, ta yi shiru. Ban ce mata Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin wasu na kashe sama da mutum miliyan ɗaya da ba sa shan taba duk shekara ba. Ba ta buƙata. Ta dubi ɗanta ta ce, "Kai, jikokin nawa kake yi wa banda?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "A yi haƙuri, Hajiya."

Asabar
Yau a ƙofar gida ya sha, cikin sanyi, yana mita. Da ya shigo na tare shi da sabulu da wata rigar kafin ya ɗauki Auta. Ya ce abin har ya kai haka? Na ce ya kai. Tarin Ummi bai tafi ba tukuna, Litinin za mu asibiti a duba ƙirjinta. Gindin alobera ya fara ruɓewa, na hana kowa ba ta ruwa.